Matisyahu: Bayahuden da ya ari gangar Jamaika, da bashin da waƙar fata ke ɗora wa mai ita



A garuruwan Afirka ta Yamma, in aka ce kiɗan rege, sunayen da ke fara zo wa mutum a zuci su ne Bob Marley na Jamaika, da Alpha Blondy na Kodibuwa, da Lucky Dube na Afirka ta Kudu. Maganar yau kuwa ta wani ce wanda bai yi kama da ko ɗayansu ba. Farar fata ne ɗan ƙasar Amurka, Bayahude, wanda duniya ta fara gani cikin baƙar kwat da baƙar malafa da dogon gemu irin na masu tsananin riƙo da Attaura, alhali abin da ke fitowa daga bakinsa rege ne tsantsa. Sunansa na yanka Matthew Paul Miller, amma an fi saninsa da Matisyahu. Labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa domin ya tara tambayoyi biyu da ba su tsufa: mutum yana da ikon sake hanyar ibadarsa a gaban jama'ar da suka san shi da wata? Kuma wanda ya rera wa duniya cewa wata rana yaƙi zai ƙare, me ake binsa ran da yaƙin ya zo ƙofar danginsa?

Inda rege ya samo harshensa

Wanda ya yi mamakin ganin Bayahude yana rege, bai lura da kalmomin da rege ke amfani da su ba. Kiɗan ya fito ne a Jamaika wajen ƙarshen shekarun 1960, cikin jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. Aƙidar da ta ba shi rai ita ce ta Rastafari, wadda ta taso a tsibirin bayan an naɗa Haile Selassie sarkin sarakunan Habasha a 1930. Mabiyanta sun karanta labarin Bani Isra'ila, sai suka ga kansu a ciki. A shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, sarkin Babila ya rushe Birnin Ƙudus, ya kora mutanensa zuwa bauta. Ƴan Rasta suka ce su ma haka aka yi musu: ƙasar da aka kai su da mulkin Turawanta ita ce Babila, Afirka kuma ita ce Sihiyona, gidan da ake begen komawa.

Don haka ne ƙungiyar Melodians ta ɗauko wani babi na Zabura, wanda ke ba da labarin kamammun da aka tilasta wa yin waƙa a ƙasar baƙunci, ta mai da shi «Rivers of Babylon» a 1970. Don haka ne kuma Bob Marley ya sa wa faifansa na 1977 suna «Exodus», wato fitar Bani Isra'ila daga Masar. Alpha Blondy ya ƙara gaba a 1986 da waƙarsa «Jerusalem», inda ya haɗa Ibrananci da Larabci, yana kiran mabiya addinai uku su yi zama ɗaya a wannan birni. Ashe ke nan tun kafin a san Matisyahu, baƙar fata sun riga sun ari labarin Yahudu sun yi kukansu da shi. Abin da shi ya yi, ya je ya ari gangarsu don ya sake jin labarin kakanninsa.

Yaron da ya gudu daga lakol

An haife shi ran 30 ga watan Yuni 1979 a jihar Pensilbaniya, ya tashi a White Plains, kusa da birnin Niyok. Iyayensa Yahudu ne masu sassaucin ra'ayi, irin waɗanda suka ɗauki addini gadon al'umma wanda ke sakewa da zamani. An sa shi karatun Ibrananci yana yaro, bai ɗauke shi da muhimmanci ba. Da ya zama saurayi sai ya tara gashi irin na ƴan Rasta, ya shiga shaye-shaye, ya bar lise, ya riƙa bin wata ƙungiyar makaɗa mai suna Phish gari gari. A tsakanin nan ya yi ƴan watanni a wata makaranta a Isra'ila, daga baya kuma aka kai shi jihar Oregon, wata makarantar da ake gyara tarbiyyar matasa cikin daji. Can ya fara hawa dandali, yana kwaikwayon ƙarar ganguna da bakinsa, fasahar da ya ƙware a kanta har yau.

Da ya komo Niyok ya shiga jami'ar da ake kira New School. A nan ne neman ya koma na ibada. Ya fara zuwa wani wurin ibadar Yahudu da aka sani da yin addu'a cikin rera waƙa, ya sayi littafin addu'o'i, sannan ya haɗu da wani malami na ƙungiyar Habad. A 2001 ya shiga cikinsu gaba ɗaya. Ya ɗauki sunansa na Ibrananci, Matisyahu, ma'anarsa kyautar Allah, wanda kuma suna ne na limamin da ya ta da tawayen Yahudu a kan sarakunan Girka wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa.

Cikin ɗariƙa

Habad reshe ne na Hasidawa, wata tafiya mai kama da ɗariƙa da ta taso a gabashin Turai cikin ƙarni na 18. Hasidawa suna taruwa a bayan shehi, suna ba farin ciki da shauƙi babban matsayi cikin ibada, suna kuma da wasu muryoyi da ake rerawa ba tare da kalmomi ba, waɗanda suke kira nigun. Sunan Habad an harhaɗa shi ne daga farkon kalmomi uku na Ibrananci masu nufin hikima da fahimta da sani. Tun 1940 cibiyarsu take unguwar Crown Heights a Burukilin, cikin Niyok. Shehinsu na ƙarshe, Menachem Mendel Schneerson, wanda ya rasu a 1994, ya baza almajiransa ƙasashen duniya da aiki ɗaya: su nemo Yahudun da suka yi nisa da addini su komo da su. Matisyahu yana cikin irin kifin da wannan koma ta kamo.

Ita wannan unguwa tana da nata tarihi. Maƙwabtan Hasidawa a Crown Heights yawancinsu baƙar fata ne, da yawa daga tsibiran Karibiyan, har da Jamaika. A watan Agusta 1991 an yi kwana uku ana tarzoma a can, bayan wata mota daga ayarin shehin ta take wani yaro baƙar fata, aka kuma kashe wani ɗalibi Bayahude da wuƙa. Shekara goma bayan haka, sai ga wani almajiri a makarantar addini ta unguwar yana haddar Attaura da rana, yana kuma rera ta da muryar maƙwabtan da ake zaman doya da manja da su.

Malaman da ke kusa da shi sun bar shi ya yi waƙa, shi kuma ya riƙe dokokin addini a kan dandali. Mafi tsada a cikinsu ita ce ta Asabar. Daga faɗuwar rana ran Juma'a har fitowar taurari ran Asabar, Bayahude mai kiyaye doka ba ya aiki, ba ya kunna wuta, ba ya shiga mota. Daren Juma'a kuwa, ga mawaƙi a Amurka, shi ne ranar kasuwa. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi da rufe shago ran da kasuwa ke ci, kowane mako, shekara da shekaru. Matisyahu ya yi hakan lokacin da tauraronsa ke tashi.

Faifansa na farko, «Shake Off the Dust... Arise», ya fito a 2004 ta hannun wani ƙaramin kamfani na Yahudu, JDub. A 2005 aka ɗauki wasan da ya yi a birnin Ostin na jihar Tekzas, aka fitar da shi da sunan «Live at Stubb's», waƙar «King Without a Crown» ta shiga gidajen rediyo. Waƙa ce ta bege ga Ubangiji da ɗokin zuwan mai ceton da Yahudu ke jira, amma ta kutsa cikin waƙoƙi 40 da aka fi saurare a Amurka. A 2006 faifan «Youth» ya hau matsayi na 4 a jerin mujallar Billboard, aka kuma sa shi cikin masu takarar lambar Grammy ta rege.

Nasara ba ta zo ita kaɗai ba. Wasu masu sharhi suka ce farar fata ne ya zo ya kwashe ribar kiɗan da baƙaƙe suka sha wuya a kansa, kuma rabin kasuwarsa gemu ne da malafa, domin mutane na son kallon abin mamaki. Wasu Hasidawa kuma suka ce wurin almajiri makaranta ne, ba gidan rawa ba. Ƙungiyar da ta reno shi ta mai da shi tuta, ana nuna wa matasa shi: ga wanda ya ɓata ya dawo. Tun daga nan kayan da ke jikinsa suka zama ba nasa shi kaɗai ba.

Waƙar da ta fi mai ita tafiya

A 2007 ya bayyana cewa ba ya ɗaukar kansa ɗan Habad kamar da, ya karkata wajen wasu Hasidawan, na Karlin, waɗanda aka sani da ɗaga murya ƙwarai in suna addu'a. A 2009 ya fitar da faifan «Light», a cikinsa akwai «One Day», wadda Bruno Mars yana cikin waɗanda suka taya shi tsara ta. Ma'anarta ba ta da wuyar ganewa: mutum ne cikin baƙin ciki da ya ƙi fid da tsammani, yana jiran ranar da za a daina zubar da jini, yara su yi wasansu lafiya. Babu sunan wata ƙasa ko wata ƙabila a ciki. Gidan tele na NBC ya ɗauke ta don tallar wasannin Olimpik na hunturu da aka yi a Bankuba ta Kanada a 2010, ya kuma sake rera ta tare da Akon, mawaƙin nan ɗan asalin Senegal.

Wannan fata ba daga kasuwa ya samo ta ba. Jiran ranar da za a ajiye makamai tsohon zance ne cikin littattafan annabawan Bani Isra'ila, kuma shi ne ginshiƙin koyarwar Habad. Abin da ya yi, ya tuɓe wa wannan jira rigarsa ta ɗariƙa, ya bar shi yadda mai kowane addini zai iya ɗauka.

Ranar aski

Ran 13 ga watan Disamba 2011 ya sa hotonsa a Twitter, fuska fayau, babu gemu. A ɗan bayanin da ya biyo baya ya ce zamanin tauraron rege na Hasidawa ya wuce. Ya ce a da yana ganin in ba a kewaye shi da dokoki masu yawa ba zai wargaje, yanzu kuwa yana so ya karɓo kansa. Da surutu ya yi yawa ya ƙara da cewa a safiyar ranar ya yi wankan tsarki ya je wurin ibada kamar yadda ya yi jiya.

Ga Hasidawa gemu ba ado ba ne, akwai hani a kan aske shi, saboda haka da yawa suka ɗauki abin tamkar cin amana. Matasan da suka komo ga addini ta dalilin waƙoƙinsa suka rasa inda za su sa kansu. Ta fuskar kasuwa ma ya jefar da tambarin da ake gane hajarsa da shi, kuma babu faifansa na baya da ya sake kai matsayin «Youth». A ƴan watannin da suka biyo har ƴar hular da Yahudu ke ɗorawa a ka ya daina sa ta kullum.

Sai dai wanda ya saurari faifan «Akeda» na 2014 ya san mutumin bai rabu da littafinsa ba. Akeda ita ce kalmar da Yahudu ke kiran ƙissar Annabi Ibrahim da ɗansa a wurin yanka, wanda a Attaura Ishaƙu ne. Cikin faifan, mawaƙin ya sa kansa a matsayin ɗan da aka ɗaure aka kuma kwance, yana tambayar yadda ake rayuwa bayan an sauko daga dutsen. Waƙoƙin sun fi na da duhu, akwai kaɗaici da rabuwa da yaƙi da shaye-shaye, amma har yanzu da Ubangiji yake magana. Za a iya saɓa masa a kan hanyar da ya zaɓa. Abin da ba za a iya cewa ba shi ne ya ci gaba da cin abinci da rigar da zuciyarsa ta riga ta tuɓe, alhali hakan ya fi sauƙi kuma ya fi riba.

A 2016, a wani shagon kofi a tsibiran Hawai, wani saurayi yana rera «One Day» da ɗan gurminsa. Wani dogon mutum da ya shigo sayen kofi ya tsaya ya kama masa amshi. Sai da suka gama saurayin ya gane cewa da mai waƙar yake waƙa. Hoton ya zagaya duniya ta intanet.

Katin siyasa a ƙofar dandali

A watan Agusta 2015 aka gayyace shi bikin rege na Rototom Sunsplash a garin Benikasim na ƙasar Espanya. Wani reshe na ƙungiyar BDS, mai kiran a ƙaurace wa Isra'ila, ya matsa wa masu bikin lamba, yana kafa hujja da maganganun da mawaƙin ya taɓa yi na kare Isra'ila da tarukan magoya bayanta da ya yi wa waƙa. Masu bikin suka nemi ya fito fili ya ce yana goyon bayan kafa ƙasar Falasɗinu. Ya ƙi, suka soke wasansa. Ya amsa cewa shi mai son zaman lafiya ne ga kowa, kuma cikin dukan mawaƙan da aka gayyata shi kaɗai aka ɗora wa wannan sharaɗi. Shi kuwa ba ɗan Isra'ila ba ne, Ba'amurke ne Bayahude. Ma'aikatar harkokin waje ta Espanya ta yi tir da matakin, masu bikin suka nemi gafara, suka sake gayyatarsa. Ya hau dandali ana kaɗa masa tutocin Falasɗinu, ya rera waƙarsa «Jerusalem».

Wanda ya san zamanin jam'iyya ɗaya, lokacin da sai an nuna kati ake samun aiki ko izinin magana, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Haƙƙin Falasɗinawa abu ne da za a kare shi da hujja. Amma ran da aka ce mutum, saboda addinin da aka haife shi a ciki, sai ya karanta wata takarda kafin a bar shi ya yi sana'arsa, an buɗe ƙofar da gobe za a tura wani ta cikinta.

Ran da yaƙi ya zo

Ran 14 ga watan Fabrairu 2018, ƙungiyar Koolulam ta tara mutum wajen 3000 a birnin Haifa, Yahudu da Larabawa, Musulmi da Kirista, suka rera «One Day» da Ibrananci da Larabci da Ingilishi. Miliyoyin mutane sun kalli hoton. Shekara biyar da ƴan watanni bayan haka, ran 7 ga watan Oktoba 2023, Hamas ta kai harin da aka kashe mutum wajen 1200 a Isra'ila, aka yi garkuwa da wajen 250. Yaƙin da Isra'ila ta ƙaddamar a Gaza ya ci rayukan dubun dubatar Falasɗinawa, cikinsu har da mata da yara masu yawa, ya rushe mafi yawan yankin.

Matisyahu bai ɓoye inda ya tsaya ba. Ya yi waƙa a babban gangamin goyon bayan Isra'ila a Washinton ran 14 ga watan Nuwamba 2023, ya je Isra'ila a farkon 2024, ya ziyarci wuraren da aka kai harin, ya yi wa sojoji wasa, ya kuma fitar da waƙar «Ascent» a kan ƙiyayyar da ake yi wa Yahudu. A watannin Fabrairu da Maris 2024 aka soke wasanninsa a Santa Fe da Tucson da Shikago. Masu gidajen suka ce matsalar tsaro ce ko ta ma'aikata, shi ya ce ana so ne a toshe masa baki. Masu zanga-zanga kuwa tambayarsu ɗaya: yaran da waƙar ta yi wa alkawarin wasa cikin lafiya, har da na Gaza ko kuwa?

Tambayar tana da nauyi, kuma ba ta yi daidai da sharaɗin Espanya ba. A can an bi shi ne da abin da addininsa ya jawo masa. A nan ana binsa abin da bakinsa ya faɗa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya rera wa duniya ranar da babu yaƙi, bai ware kowa ba, ya ɗauki kayan da ya fi na sauran mawaƙa nauyi, kuma ba laifi ba ne a tuna masa. Magoya bayansa suna cewa mutumin da aka kashe danginsa ba a hana shi tsayawa tare da su, kuma fatan zaman lafiya bai hana kare kai ba. Masu sukarsa suna cewa fatan da bai ga gawar maƙwabci ba ya ragu da rabi. Tsakanin waɗannan biyu ake auna shi tun 2023.

Abin da ya tabbata shi ne waƙar ta riga ta fita hannunsa. Bayin Jamaika sun ari kukan Yahudun Babila ba tare da sun nemi izini ba, shi ya ari gangarsu, Larabawa da Yahudun Haifa suka ari waƙarsa suka zuba ta cikin harsunansu. Ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ko ya cancanta ba. Amma duk wanda ya buɗe baki ya rera ta, mai ita ne ko mai aro, ya shiga cikin waɗanda ake bi bashin wannan rana, kuma ba da murya kaɗai ake biyansa ba.